Ganyen Tattasai a Allon Baba Abatcha

"Ya sake rufewa, Karima! Zo ki gani da idonki."

Muryar Baba Abatcha ce ta tsallako katangarmu. Maƙwabcinmu ne, tsohon ma'aikacin gona da ya yi ritaya. Ni kuma sakatariya ce, shi ya sa duk rigimar odinatarsa, wato kwamfutarsa, a kaina take ƙarewa.

Na tarar da shi jingine da matashi, ƙafafunsa sun kumbura. Matarsa, Ya Fanna, tana tsaye da kofin magani.

"Tun safe yake faɗa da abin nan," in ji ta. "Ko kunu bai sha ba."

"Kunu zai jira, tattasai ba zai jira ba."

Wata cuta ce ta shiga gonakin ƙanensa Kyari a bakin kogin Komadugu. Ganye yana nannaɗewa, fure yana zuba. Baba ya ce ya taɓa ganin irinta yana saurayi, amma ba zai sa mutane su tuge shukarsu a kan zato ba. Hoto yake so ya gani a intanet. Injin kuwa tsoho ne. Da zarar shafi ya fara buɗewa sai ya daskare, wani ɗan akwati ya fito da Faransanci yana ba da haƙuri, komai ya ɓace.

"Baba, a kai ka siber mana, shagon intanet."

"Da waɗannan ƙafafun? Zauna, 'yar Damagaram. Komai da sababinsa. Mu nemo shi."

Na zauna. Na share tarkacen da burauzar, manhajar shiga intanet, ta tara. Na cire wasu layukan talla da suka liƙe a samanta. Ta buɗe, ta sake rufewa. Baba ko gezau.

"Kada ki taɓa abu biyu lokaci guda," ya ce. "Haka muke yi a gonar gwaji. In ta warke, ki san abin da ya warkar da ita."

Da na duba agogon injin, sai na ga yana nuna shekarar da ta daɗe da wucewa. Na gyara, wasu shafuka suka daina ƙorafi, amma daskarewar tana nan. Washegari na zo da wata burauza mara nauyi a kan faifai daga wurin aiki. Na sa ta.

Hoton ya riƙa saukowa kaɗan-kaɗan daga sama. Baba ya matso da fuskarsa har numfashinsa yana taɓa allon. Ganye ne a nannaɗe, da ƙananan fararen ƙwari a bayansa.

"Ita ce," ya ce. "Fanna, a kira mini Kyari."

Kyari ya iso da azahar, da laka a ƙafa. Baba ya riƙe hannunsa.

"Duk wadda ta nannaɗe, tuge ta, ƙone ta nesa da gona. Sauran a fesa musu ruwan dogon yaro, ta ƙasan ganye. Ka gaya wa su Grema, maƙwabtan gonarka, su ma."

"Yaya, rabin gonar ke nan fa."

"Rabi zai tsaya. Je ka."

Haka kuwa aka yi, rabi ya tsaya, amma Baba bai ga jan tattasan ba. Ranar Juma'a da hantsi ya sha kununsa, ya ce zai ɗan kishingiɗa. Bai tashi ba. Kyari ya zo jana'iza rigarsa tana ƙaurin hayaƙi.

Bayan an dawo daga maƙabarta, Ya Fanna ta ja ni ɗakin.

"'Yata, ya hana a kashe injin nan, ni kuma ban san inda ake taɓawa ba."

Na kashe. Fankar injin ta yi ta juyawa har ta tsaya. Muka zauna a kan tabarma, muna jin mata a tsakar gida suna dakan geron sadaka.