Ruwan Baƙi a Gidan Badaru

Malam Badaru ya ga fari, ya ga kwalara, ya binne sa'o'insa duka, kuma ba a taɓa jin ya ce wayyo ba. Da aka ce ma'aikata za su zo daga Birnin Kudu su duba wanda ya fi bukatar rijiyar burtsatse, ƙauyensu na Zandam ko ƙauyen Maruta, sai ya ce a sauke su a gidansa.

Ruwan tafkin da suke sha jawur yake, kamar an dama ƙasa. Badaru ya rantse baƙo ba zai sha wannan a zaurensa ba. Ya tura ɗan acaɓa har Gwaram ya ɗauko ruwan famfo, matarsa Barira ta juye a sabuwar randa.

Baƙi suka sha, suka ƙara. Shugabarsu ta ce, "Baba, wannan kuke sha kullum?"

"Hajiya, mu nan ba mu san ƙishirwa ba. Ko shekarar fari ni na shayar da garin nan."

Suka yi godiya suka wuce Maruta, inda aka miƙa musu ruwan kududdufi yadda yake. Can aka haƙa rijiyar.

Ranar da labari ya iso, Barira ta dire masa kofin ruwan tafki. "Sha, mai shayar da gari."

Ya tace da bakin rawaninsa, ya shanye. "Ai dai sun ƙara, Barira. Je ki tambaya ko a Maruta sun ƙara."