Wuyan Baba Ɗantani

"Sun shiga gidan Shittu mai albasa!" in ji matata Bilki. Ta faɗo tsakar gida ba tulu ba gammo. "Sun ɗauke yaron nai, ga su can suna kware jinka!"

Na saki igiyar da nake tufka. Tun kafin in miƙe ƙaurin ciyawa mai cin wuta ya iso hancina. Daga gidan Shittu kuwa sai na Baba Ɗantani, wanda katanga ɗaya ta raba mu.

Shekarar sanƙarau ce, tsakiyar bazara. Ku yaran yanzu da allura ɗaya ke sa ku kuka ba ku san tsoro ba. A Wurno mutum kan yi sallar asuba da ƙafarsa, kafin magariba an kai shi. Sai aka aiko wani likita Bature yana bin gida-gida da dogarai. Gwajinsa ɗaya ne: a sa hannu a ƙeyar marar lafiya a tanƙwaro kansa. In haɓa ta taɓa ƙirji, a wuce. In wuya ya ƙi, sanƙarau ne. Sai a kware rufin ɗaki a ƙone, a kwashi mutanen gidan kaf a kai su bukkokin da anka kafa bayan gari, wajen hanyar Goronyo. Mun ga masu tafiya can da yawa. Masu dawowa ba su cika zaure ɗaya ba.

Baba Ɗantani yana kwance tun farkon watan, amma ba sanƙarau ba ne. Tsufa ne da tari. Ɗansa Lauwali ya tafi cin rani kudu, ya bar matarsa Kaltume da cikin fari, ga shi ta sauka, 'ya mace, ko suna ba a yi ba. Mai jego da ɗanyen jiki, da jinjira, a tsakiyar masu sanƙarau? Ko mahaukaci ya san ƙarshen wannan.

To me zai hana tsoho ya tanƙwara wuya? A nan matsalar take. Yanzu ana rubuta labarin manya a littafi, sarakuna da malamai, kuma daidai ne. Amma ban ga wanda ya rubuta Ɗantani ba, alhali a zamaninmu daga Rabah har Kagara ba wanda bai san shi ba. Ranar da Nasara sunka ci Sakkwato yana cikin waɗanda sunka tsaya a gindin tutar yaƙi a filin Giginya. Yayansa Yari ne ke riƙe da sandar. Yari ya faɗi, wani ya ɗauka, shi ma ya faɗi. Ɗantani ya farka da yamma a ƙarƙashin gawawwaki da rami a kafaɗa. A wurin ya yi wa Yari alkawari cewa kansa ba zai taɓa sunkuyawa gaban Bature ba. Shekara talatin da wani abu bai karya ba. In an ce Bature na rangadi, kowa ya fito ya durƙusa yana jinjina, shi sai ya saɓa fartanya ya gangara fadama. Da shi ake yi wa yaro faɗa in ya cika rawar jiki gaban baƙo.

Na same shi a zaure, jingine da bango a kan buzunsa, numfashi na fita da ƙara.

"Baba, sun iso gidan Shittu."

"Ina da hanci, Maccido."

"Baba, ba gaisuwa ta ba. Magani na. Haɓa ta taɓa ƙirji, shi ke nan, su wuce."

"Hannun wa ka tura ƙeyar?"

"Na Bature, Baba."

"To ka gani."

"In rantsuwa ta, akwai kaffara. Ni za ni ciyar, daga rumbuna."

"Na san kaffara tun uwarka ba ta yaye ka ba," in ji shi. "Ba rantsuwa ta ba. Alkawali na, kuma mai shi ya mutu. Wa za ni tambaya shi yahe mini?"

"Kaltume hwa? Jinjirar hwa?"

Ya juya ido wajen ƙofar ciki. Ban taɓa ganin tsoro a jikin mutumin nan ba sai ranar. Daga cikin gida ina jin Kaltume tana jan hanci a bayan asabarin da ya tare ƙofar ciki. Ta ji komai.

Na yi tunanin in goya shi in tsallaka katanga da shi. To in kai shi ina, gidana ne na gaba. Ina cikin wannan sai inuwa ta rufe bakin zaure.

Dogarai biyu sunka tsaya waje, ɗaya da doguwar gora mai ƙugiya ta jan jinka. Baturen ya shigo a duƙe saboda ƙofar gajera ce, ya ɗaure hanci da baki da farin ƙyalle, idonsa jajur don rashin barci. A bayansa malamin asibiti, wani saurayi Zayyanu mutumin Rabah, shi ke yi masa tafinta. Ni dai na zube na yi jinjina, ba zan ɓoye ba, haka kowa ke yi. Baba Ɗantani ya kafa idonsa a bango, sama da hular Baturen.

Zayyanu ya tsuguna kusa da shi, ya yi ƙasa da murya. "Baba, na san ko kai wa ne. Kakana ya ba ni labarinka. Don girman Allah ka saki wuyanka. Wanga mutum bai san Giginya ba, wuya kawai ya sani."

"Gaya mai wuyana lahiya lau."

"Ba ya jin magana, Baba, sai ya taɓa."

Baturen ya taɓa goshin tsoho, ya ji zafi. Ya sa tafin hannu a ƙeyarsa ya tura. Na ga jijiyoyin wuyan tsoho sun miƙe kamar igiyar guga. Ya sake turawa da ƙarfi. Mutumin da ba ya iya ɗaga ƙwaryar kunu, wallahi kansa bai gusa ba ko kaɗan. Gumi na zuba cikin gemunsa, haƙora a cije.

Baturen ya miƙe ya goge hannu, ya faɗi kalma biyu. Zayyanu ya dube ni.

"Mi yac ce?" in ji ni.

"Ya ce a hid da kowa."

"Gaya mai alkawali na! Gaya mai da gangan yaka yi!" in ji ni.

Zayyanu ya yi ta turanci yana nuna tsoho. Baturen ya girgiza kai. Ashe a kowane gida sai an ba shi dalili: wannan faɗuwa ya yi daga jaki, wancan haka aka haife shi. Ya gaji da ji. A waje na ji ƙugiyar gora ta kama jinkar ɗakin Kaltume, ciyawa ta fara zubowa shaa. Na buɗe baki in yi salati.

Sai asabari ya ɗaga.

Ku da ba ku san kunya ba, ba za ku gane nauyin abin da Kaltume ta yi ba. Mai jego ba ta fitowa gaban maza. Matar ɗa ba ta tsayawa gaban surukinta ido da ido. Uwa kuma ba ta ɗaukar 'yar fari ta nuna a gaban mutane, ko sunanta ba ta faɗa. Duk ta taka su. Ta fito da zane a ka, ta ratsa tsakanin Bature da tafinta kamar ba su nan. Ta durƙusa ta ɗora jinjirar a cinyar tsoho.

"Baba," in ji ta, "ba ka ga amaryarka ba."

Gaskiya ne, bai gan ta ba. Saboda tarinsa ba a kawo masa ita ba tun da anka haife ta.

Idonsa na bango. Jinjirar ta yi miƙa, ta yi ɗan kukan nan nasu kamar na 'yar akuya. A waje gora na ta jan jinka. A hankali idon ya sauko, kai ya biyo ido, ya yi ta saukowa har farin gemunsa ya kwanta a ƙirji, har ya taɓa fuskar yarinyar.

"Wagga ta amaryar tawa?" in ji shi. "Kai, an cuce ni. Dubi hanci, awa na Yari. Wa za shi biya sadaki ga wanga hanci?"

Zayyanu ya kama hannun rigar Baturen, abin da ban taɓa ganin baƙar fata ya yi ba, yana nunawa. Baturen ya duƙa ya duba ta gefe. Ya daɗe yana kallo. Bai sake taɓa shi ba. Ya leƙa waje ya daka tsawa, gora ta tsaya. Sunka fita sunka shiga gidana, sunka murɗa wuyan kowa har na Bilki, sunka wuce.

Da na dawo Kaltume ta koma ciki da 'yarta. Tsoho na nan jingine, ƙarfinsa duk ya ƙare a waccan turjiya.

"Maccido."

"Na'am, Baba."

"In an tambaye ka, mi kag gani?"

"Na ga kaka yana duban jikarshi."

"Bature na nan?"

"Ni ban lura ba."

Ya yi dariya, dariyar ta zama tari. Da ya lafa sai ya ce, "Maƙaryaci. Yana nan. Za ni gaya wa Yari da bakina." Ya ce in gyara masa kwanciya ya fuskanci gabas.

Bai kai la'asar ɗin washegari ba. Ni na yi masa wanka, ni da liman. A shekarar ba a taruwa jana'iza, an hana, kuma ko ba a hana ba kowa na tsoron numfashin ɗan'uwansa. Mutumin da ya kamata Wurno duka ta raka, mu kaɗan munka ɗauke shi, ta gaban gidajen da ba rufi, bangaye baƙi ƙirin, ba kowa ciki sai kaji.

Da munka dawo na tsaya a bakin zaurensa. Buzun na nan inda ya bar shi. Bilki ta hau turmi tana cusa ciyawa a inda ƙugiya ta yage jinka. A bayan ɗakin, siririn hayaƙi na tashi daga murhun da Kaltume ke dafa ruwan wankan jego.