Talatin da Takwas a Bindigar Virgil

A nan wajenmu ba a kiran bindiga da sunan wanda ya ƙera ta, da lambar harsashinta ake kiranta. Mutum zai ce maka arba'in da biyar ɗinsa na cikin mota, ko tara ɗin matarsa na cikin jaka, kuma ka gane abin da yake nufi. Mutanen gidan Stubblefield kuwa sun fi kowa ɗaukar abin da zafi. Marigayi Virgil har ya bar duniya yana cewa duk harsashin da bai girgiza maka haƙora ba na harbin ɓera ne. Ɗansa Royce ya gaji maganar tare da sanƙon uban.

Matar Virgil, Arlene, shekararta sittin da takwas, kuma ita kaɗai ce a gidan gonarsu, mil goma sha tara daga gari. A watan Afrilu wasu mutum biyu suka shiga gidan maƙwabciyarta da rana tsaka, suka ɗaure tsohuwar a kujera, suka yashe gidan. 'Yan sanda sun taka mota iya takawa, amma sai da suka yi minti arba'in a hanya. Ran Lahadi bayan an taso daga coci sai ga Royce daga birnin Tulsa, fuska kamar an aiko masa da saƙon mutuwa.

"Mama, ki haɗa kayanki ki dawo wajenmu," in ji shi tun bai zauna ba. "Ba shawara na zo yi ba."

"To zauna ka ci biredin masara, tunda ba shawara ka zo yi ba. A gidan nan na haife ka, a gidan nan za a zo ɗaukar gawata."

"Abin da nake gudu ke nan."

Ya zaro arba'in da biyar ɗinsa, ya cire harsashin, ya ajiye ta a teburin girki tsakanin man shanu da tulun kofi. Irin bindigar nan ce da sai an ja samanta baya da ƙarfi kafin harsashi ya hau. Ya ce ta ja. Arlene ta dubi hannuwanta. Amosanin gaɓɓai ya lanƙwasa mata yatsu shekara goma ke nan, ko murfin kwalba sai ta sa wuƙa take buɗewa. Ta ja har jijiyar wuyanta ta fito, saman bindigar ko motsi bai yi ba.

"Kin gani ko," in ji Royce, murya ƙasa-ƙasa. "To ga yadda za mu yi. Asabar zan dawo. Farantin takarda, taku bakwai, harsashi biyar, ke za ki ɗura da hannunki. Da wannan, ko da uku-biyar-bakwai ɗin Baba. Ban yarda da ashirin da biyu ba, ba zomo ne zai shigo miki gida ba. Biyar ɗin suka shiga farantin, ba zan ƙara tayar da maganar ba. Ɗaya ya kuskure, ki biyo ni."

Ta san dalilin da ya sa ya ambaci ta Virgil. Shekara talatin da suka wuce ta harba libarbar nan, ƙatuwar bindigar hannu, sau ɗaya, wuyan hannunta ya kumbura, ta yi mako biyu ba ta tatsi saniya ba, kuma Royce na tsaye a wurin. Ranta ya ɓaci ƙwarai, don ɗan da ta goya ne ya zauna ya auna rauninta ya kafa mata tarko daidai da shi. Amma ita ma tun ranar da aka ɗaure maƙwabciyarta take tambayar kanta ko za ta iya kare kanta ita kaɗai. Ta ce ta yarda.

Ran Litinin ta naɗe libarbar a tawul, ta tuƙa zuwa shagon Dewey, ƙanin Virgil, wanda ke sayar da bindigogi da ƙugiyar kamun kifi a bayan gidan mai. Dewey tsoho ne mai tumbi da kunne ɗaya da ya daina ji, kuma tun ranar da aka ɗaura mata aure da wansa bai taɓa barinta ta huta ba.

"Matar yaya, wa za ki kashe? In ni ne, bari in gama kofina."

"Kai ai ba sai an ɓata harsashi ba, hawa uku na bene ya ishe ka. Ina son wadda zan iya harbawa, Dewey. Ba wadda za a yaba ba, wadda zan iya."

Ta faɗa masa sharaɗin Royce kalma da kalma. Dewey ya daina dariya. Ya kai ta filin gwaji da ke bayan shagon, ya jera mata bindigogi a kan benci. Tara ɗin ta yi mata daidai a tafin hannu, amma ita ma sai an ja samanta, nan ta tsaya. Wata 'yar ƙarama mai sauƙin ja ta gwada, sai ta yi tsalle a hannunta ta bar mata zogi har gwiwar hannu, don bindiga in ba ta da nauyi hannun mai ita ne ke shan dukan. Ashirin da biyu kuwa ta harba ta kamar tana ɗinki, huɗu cikin biyar suka shiga farantin da Dewey ya manna.

"Wannan ce taki," in ji Dewey. "Wanda ya shigo gida ba zai tsaya tambayar lamba ba."

"Royce ya hana."

"Royce ɗan ubansa ne, kansu kamar kututture." Ya sosa ƙeya, idonsa ya sauka kan tawul ɗin da ta ajiye. "Tsaya. Cewa ya yi da bindigar Virgil, ko da harsashin Virgil?"

"Uku-biyar-bakwai ɗin Baba ya ce. Ai duk ɗaya ne."

"Ba ɗaya ba ne."

Ya shiga ciki ya dawo da harsashi biyu, ya tsayar da su a kan benci kafaɗa da kafaɗa. Kaurinsu ɗaya, sai dai ɗaya ya ɗan fi tsawo. Dogon shi ne uku-biyar-bakwai, gajeren talatin da takwas. Sunan ne ya raba su, in ji shi, amma gajeren na shiga libarbar Virgil lafiya lau, albarushinsa kaɗan ne, ga bindigar da nauyi, ita za ta shanye dukan.

Arlene ta daɗe tana kallon harsashin nan biyu. "Virgil ya san da haka?"

"Kowa ya sani."

"Ranar da hannuna ya kumbura ma ya sani?"

Dewey ya kau da kai. "Yaya bai taɓa yarda talatin da takwas ya kwana a gidansa ba. Kunya yake ji a gan shi da shi. Na ce ya ba ki, ya ce matarsa ba za ta harba abin 'yan koyo ba."

Shekara talatin tana ganin hannunta ne ya gaza. Ta ji haushin mamaci, wanda shi ne haushi mafi wuyar sha'ani, don babu inda za ka kai shi. Ta kwance tawul ɗin ta ce, "Ɗura."

"A'a, ke za ki ɗura. Haka sharaɗin ya ce."

Harsashi biyu suka suɓuce mata suka faɗi ƙasa kafin ta cika biyar. Kunamar ta yi wa yatsa ɗaya tauri, sai Dewey ya nuna mata ta ɗora yatsan hagu a kan na dama ta ja da biyu. Ta runtse ido tana jiran abin da ta sani. Bindigar ta ɗan ɗaga kai ta dawo, shi ke nan. Harsashin ya tafi can ya tone ƙasa, bai ko gaida farantin ba, amma Arlene ta buɗe ido tana dariya.

"Kin kashe tururuwa," in ji Dewey. "Gobe ki gwada da ido a buɗe."

Kwana huɗun da suka biyo baya ba su da daɗin faɗa. Kullum da safe sai ta jiƙa hannuwanta a ruwan ɗumi har su saki, ta ciyar da kaji, sannan ta manna faranti a jikin damin ciyawa bayan rumbu, ta ƙirga taku bakwai. Ran Talata, harsashi biyu suka shiga. Laraba uku, sannan yatsunta suka ƙage, ta kasa riƙe ko cokali, ta ci abincin rana da hannun hagu tana zagin Virgil da Royce a jere. Alhamis ta gane cewa a harbi na huɗu ne numfashinta ke ƙarewa hannun ya fara rawa, sai ta koyi tsayawa bayan na uku ta sauke bindigar ta ƙirga biyar. Jumma'a sau ɗaya tak ta sa biyar cikin biyar, sau shida ta kasa. Ba ta yaudari kanta ba, ta san abin na iya faɗawa ko ta ina.

Asabar da hantsi Royce ya iso, ya ajiye a-kori-kurarsa a gindin bishiya. Da ya ga libarbar uban a hannunta sai jikinsa ya yi sanyi.

"Mama, ba sai kin ji wa kanki ciwo ba. Mu bar maganar gwajin nan."

"Manna farantin."

Shi ya manna, shi ya ƙirga takun, kuma takunsa ya fi nata tsawo. Ta lura, amma ta ƙyale shi. Ta juya masa baya ta ɗura, harsashi ɗaya ya faɗi, ta sunkuya da ƙyar ta ɗauka ta goge a siket. Harbin farko ya shiga ƙasan farantin. Royce ya ɗan karkata kai, don kunnensa ya gaya masa ba ƙarar da ya sani ba ce. Na biyu da na uku suka shiga kusa da tsakiya. Ta sauke bindigar, ta ƙirga biyar. Na huɗu ya shiga. A na biyar yatsan dama ya ƙage mata, sai da na hagu ya ƙarasa jan, bakin bindigar ya zame gefe.

Suka taka tare zuwa damin ciyawar. Rami huɗu sarai. Na biyar ya gutsuri bakin farantin, rabinsa a takarda, rabinsa a ciyawa. Ta buɗe bindigar ta zazzage masa kwansunan harsashin a tafin hannu. Ya juya ɗaya ya karanta gindinsa.

"Wannan ai talatin da takwas ne."

"Bindigar wa ka ce?"

"Ta Baba, amma..."

"Ta wace ce wannan?"

Royce ya dunƙule kwansunan a hannunsa. Ya sani sarai cewa gajeren na shiga, tun yana saurayi ya sani, amma a gidan da ya tashi ba a taɓa raba bindigar nan da lambarta ba, har abin ya fita daga kansa. Ya koma kan ramin na biyar, ya sa ɗan yatsa yana shafa gutsuren. Ta bar shi. Kalma ɗaya zai ce ta tattara kayanta, don ta yi alkawari kuma ba ta saba karya alkawari ba.

"Wanda ya taɓa layi ya shiga," in ji shi daga ƙarshe, bai dube ta ba. "Haka ake ƙirgawa."

Ya ƙi tsayawa cin abinci, wai akwai cunkoso a hanya. Ta raka shi mota. Iska ta ɗage gefen tamfol ɗin da ya rufe bayan motar, sai ta ga kwalaye sababbi a ninke, sun fi talatin, da ƙullin salatif, da barguna na naɗe kayan fashewa. A jikin kwali na sama jikarta ta rubuta da jan alƙalami: Ɗakin Kaka.

"Mun yi wa ɗakin naki fenti," in ji Royce. "Ruwan ɗorawa, irin na kicin ɗinki."

Idonsa ya cika. Sai a lokacin ta ga cewa ba nasara ya zo nema ba, barcin da babu fargabarta a ciki yake nema, kuma yau ta hana shi, wataƙila har ƙarshen ranta. Tausayinsa ya kama ta, amma bai motsa ta daga inda take tsaye ba. Ta ɗora lanƙwasasshen hannunta a kumatunsa.

"Zan zo in kwana a ciki ran Kirsimeti," in ji ta. "Sauke min kwali biyar, damin ciyawar nan ya fara zubewa, ina bukatar abin manna faranti."

Ya sauke mata goma, ya kai su bayan rumbu da kansa.