Farin Yadin Malam Ɗayyabu

"Ya sake ƙi, Baba," in ji Mas'uda, idonta a kan waya. "Wai hoton ya yi nauyi."

Malam Ɗayyabu na kwance a katifa, ƙirjinsa na kuka kamar tsohon inji. Ƙurar auduga ce ta masaƙa a Sharada, inda muka ƙarar da ƙuruciyarmu tare. Ni ma na shaƙe ta, har na fi shi, amma huhuna na ƙarfe ne. Duk sauran 'yan shif ɗinmu na aiki ni na raka su makabarta, ga ni a Panshekara ina tauna ƙashi da haƙorina.

Mas'uda ce autarsa. Makarantar koyon jinya take nema, ranar kuma za a rufe shafin rajista na intanet. Komai ya shiga sai hoto. In ta tura shi yadda yake, a ce ya yi girma. In ta matse shi a waya har ya ƙanƙance, fuskar ta dagule.

"Mu gani." Ya kai wayar dab da idonsa. "Wannan ba 'yata ba ce. Kamar an tsamo ta daga kwata."

"Furannin labulen nan ne ke ƙara masa nauyi. Kuma farin baya suke so. Sai an je situdiyo, ni kuwa ba zan fita in bar ku haka ba. A bar shi sai baɗi."

"Baɗi." Ya yi dariya har ta koma tari. "Baffa, kai da ba abin da ke gagarar ka, sauko min da akwatin can."

Na san abin da ke ciki. Farin yadi ne da ya saya a kasuwar Kwari tun yana da ƙarfi, ya yayyafa masa zamzam ya ajiye.

Mas'uda ta ja da baya. "Wallahi ba zan tsaya a gaban wannan ba."

"Yadi ne, Auta. Bai zama likkafani ba sai na shiga ciki. Yau aro za ki yi."

Na ware shi a bakin ƙofa inda haske ke faɗowa, na ɗaga da hannu biyu. Shi da kansa ya karɓi wayar, ya dafa gwiwar hannu a matashi don kada ta yi rawa.

"Ɗaga hagu, tsoho, kana karkata."

"Ni? Ni da na ɗaga dilar audugar da ta kayar da kai?"

"Auta, share idon nan. Ba sa ɗaukar mai kuka aikin jinya."

Ta share, ya danna. Ta matse hoton, fuskar ta fito tas, har ɗan tabon goshinta. Ta tura, muka zuba wa wayar ido tana juyawa.

"Ya shiga, Baba."

"Alhamdu lillahi. Baffa, ninke shi yadda ka same shi. Kada ka mayar da shi sama."

Ranar Juma'a da hantsi ya cika, Mas'uda na riƙe da hannunsa. Ni na yi masa wanka, ni na yanka yadin.

Takardar rajistar da ta buga tana manne a bangon ɗakin. Hoton bai fi babban yatsa ba. In ka matso, za ka ga layin ninkin yadin ya ratsa ta bayan kafaɗarta.