Kuzar Baba

Yau ma maɗaurin babbar waya a gidan ƙanƙara ya ɗau zafi har robar da ke kusa da shi ta narke, injin ya tsaya. Mai gidan ya dubi Auta, wadda ya ba aikin lantarkin, ya ce in aka kuma, zai nemi wani. Wannan ne babban aikinta na farko. Ranta ya ɓaci ƙwarai, don ta san inda gizo ke saƙar.

Mahaifinta ne ya zuba mata maɗauran. Maƙeri ne tun kafin a haife ta, irin tsofaffin nan da gara ka taka musu ƙafa da ka gyara musu aiki. Ta same shi yana zuga wuta, ta durƙusa ta ajiye ƙarfen da ya yi baƙi a gabansa.

"Baba, jan ƙarfe zalla na ce. Me kuka sa a ciki?"

"'Yar kuza ce, ba ta taka kara ta karya ba," in ji shi. "Zalla ai laushi gare shi, da hannu ma sai a lanƙwasa. Ni in ba 'yata kayan banza?"

"Lantarki ba ruwansa da tauri, Baba, hanya yake nema. Kuzar nan ce ke tare shi, shi ya sa ƙarfen ke zafi."

"Jiya-jiya kika daina wasa da gawayina."

Ta yi bayani har bakinta ya bushe, kamar tana zuba ruwa a kwando. Daga ƙarshe takaici ya sa ta faɗi abin da ta daɗe tana haɗiyewa: "To, zan saya a kasuwa."

Tsoho ya miƙe. Ya ɗauko sabuwar tukunya, ya narka jan ƙarfe shi kaɗai, ya zuba. Da ya huce ya goge, ya miƙa mata, ja wur.

Auta ta juya maɗaurin. Duk abin da ya fita daga maƙerar nan, ko cokali ne, sai ya buga masa tambarinsa. Wannan babu.

"Baba, kun manta tambari."

"Ban manta ba," ya ce, ya koma kan zugarsa. "Naki ne."

Injin bai sake tsayawa ba, aikin ya zauna a hannunta. Amma da mai gidan ya tambayi wanda ya ƙera maɗaurin, sai ta ƙura ido a gurbin da tambarin Baba ya kamata ya kasance.