Yatsun Ottmar

Mijina Ottmar ya rasu da yatsu uku a hannun dama, na hagu kuwa babu ko ɗaya.

Aikinsa auna hasken nan ne mai ratsa nama ya nuna ƙashi. Kowace safiya shi da abokan aikinsa sai sun sa hannu gaban injin. In ƙashi ya fito sosai, injin na lafiya. Hannun ya yi ja, ya tsattsage, likita ya yanke yatsa, shekara ta zagayo ya yanke wani. Ottmar bai taɓa kawo su gida ba. Ajiye su yake yi don ɗalibai su gani.

Ni dai na ce ba zan binne shi guntu ba. Mutumin da ba ya fita in maɓalli ɗaya ya ɓalle masa!

Na sa baƙaƙen kayana na tafi wurin aikinsu. Abokinsa Dokta Egbert ya tarbe ni.

"Matar Farfesa, Allah ya ba ki haƙuri."

"Amin. Yatsun mijina na zo karɓa."

Ya sosa ƙeya, ya sauko da wata ƙatuwar kwalba. Kwalbar kabejina ce, wadda ta ɓata, na daɗe ina zargin maƙwabciya a kanta.

"Lokacin yaƙi ruwan maganin da ke hana su ruɓewa ya yi wuya," in ji shi, "sai muka haɗa su wuri ɗaya. Akwai nasa, akwai na abokin aikinmu marigayi Kilian, akwai nawa biyu."

"Ku masu leƙa cikin mutum, ba ku san yatsunku ba?"

"Bari mu haska su mu gani."

Ya kunna injin, ya fara miƙa hannunsa.

"Janye hannun nan, Dokta! So kake kwalbar ta cika?"

Aka haska. Ƙashi dai ƙashi ne. Ni ma na duba, na sake dubawa. Hannun da na riƙe tun ina budurwa, na kasa gane shi. A nan kuka ya zo mini, wanda bai zo ba ran Talata da ya cika.

Na rungumi kwalbar na nufi ƙofa.

"Matar Farfesa, ni fa ban mutu ba!"

"In ka mutu ka karɓa a wurinsa."

Da su duka muka binne shi. Yanzu kowace Lahadi Egbert na zuwa kabarin, ya cire hula ya tsaya. Ban taɓa tambayarsa wa yake gaisarwa ba. Ni dai na san Ottmar yana da yatsun sa maɓalli, har da rara.