Hancin Malam Isyaku Mai Turare

Malam Isyaku mai turare yana da rumfa a Kasuwar Kurmi. Tun yana saurayi, kowace Juma'a sai ya tsaya a bakin layinsu a unguwar Koki da 'yar kwalba, duk mai tafiya masallaci ya miƙo bayan hannu ya ɗiga masa. Sadaka ce.

Da damina zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya warke, amma hancinsa bai warke ba. Almiski da sandal duk suka zame masa kamar ruwan randa. Ko hayaƙin girkin matarsa Hajo ba ya sanin akwai shi sai ya shigar masa ido. Bai gaya wa kowa ba. Girman kai ne ya hana shi, ba wani abu ba.

Wata Juma'a ya suri kwalba a kan taga ya fita. Ashe humrar Hajo ce, turaren mata. Sai da ya shafe dattawan layin kaf, sannan abokinsa Gwadabe baduku ya shinshina hannu ya ce, "Isyaku, amarya ka mai da ni yau? Me zan ce wa iyalina in na koma gida?"

Aka yi ta dariya. Isyaku ya sa kwalbar a aljihu, bai ƙara tsayawa a bakin layin ba.

Abin bai tsaya nan ba. A da, in ya kai goshi ƙasa, yakan ji ƙamshin tabarma da na rigunan mutanen sahu, zuciyarsa ta kwanta. Yanzu sai ya yi sujada ya ji fayau. Ya fara cewa a ransa: abu guda nake yi don Allah, shi aka ɗauke, wataƙila dama ba a taɓa karɓa ba. Daga nan ya soma jinkirta salla, sannan ya bar zuwa jam'i. Haka shakka take yi, ba ta shigowa da sallama.

Wata rana bayan azahar zafi ya sauko, kasuwa ta yi tsit. Haske yana zubowa ta hujin kwanon rumfa yana sauka a kan kwalabe. Gyangyaɗi ya ɗauke shi. Sai ya ga murafan kwalaben suna buɗe kansu, turare yana tashi kamar zare, wani kore, wani ruwan zuma, yana bin lungunan Kurmi a hankali har ya haura ganuwa. Mutane cikin fararen kaya suna wucewa ba a jin takunsu, kowanne da zaren a maƙale a hannun riga. Ya gane su. Waɗanda ya taɓa shafa wa ne, da masu rai da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. A ƙarshensu ga mahaifinsa, ya tsaya ya miƙo bayan hannu. Isyaku ya laluba aljihu, babu kwalba. Tsohon bai janye hannun ba.

Ya buɗe ido. Hannun Gwadabe ne a gabansa.

"Tashi, an kira la'asar."

"Je ka, ina zuwa."

"Haka ka ce jiya."

Isyaku ya sunkuyar da kai. "Gwadabe, hancina ya mutu. Ba na jin komai, ko a sujada."

"To ni da nake wuni cikin ɗanyar fata, me kake zaton ina ji a sujada? Wari. Ka ga na fasa?" Gwadabe ya zauna a bakin rumfar. "Da can ma ai ba hannunka kake shafa wa ba, namu ne. Tun da ka daina, babu mai son tsayawa kusa da ni a sahu. Ka ji tausayin bayin Allah."

Ranar Juma'a Isyaku ya ɗauki kwalba ya miƙa wa Hajo. "Shinshina mini. Ba na ji."

Ta dube shi. "Na sani tun ranar da tuwo ya ƙone kana zaune a gindin murhu." Ta shinshina. "Almiski ne, Malam. Je ka."

Ya tsaya a bakin layi. Hannuwa suka yi ta zuwa, yana ɗigawa yana kallon fuskokinsu. Shi bai ji komai ba, kuma har yau ƙamshin bai dawo masa ba. Da layin ya watse, ya ɗiga sauran a bayan hannunsa, ya bi sahunsu zuwa masallaci.